Gangar ƙugu ta Ansai: da gaske ta shekara 2,000?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wasu Sinawa, maza sun fi 100, kowa da 'yar jar ganga ɗaure a ƙugu da farin ƙyalle a ka, suna tsalle suna harbin iska a kan wani tudu, ƙura ta turnuƙe. An rubuta a ƙasa cewa rawar yaƙi ce mai shekara fiye da 2,000. Gaskiya ne? Kuma har yanzu mutanen ƙauye na yin ta, ko ta zama ta 'yan kallo kawai?

Amsa: Abin da ka gani, Malam, gangar ƙugu ce ta Ansai, wadda Sinawa ke kira Ansai yaogu. Ansai gunduma ce a ƙarƙashin birnin Yan'an, a arewacin lardin Shaanxi, kimanin kilomita 40 daga birnin. Maganar shekara 2,000 kuwa labari ne na kaka da kakanni wanda hukumomin yawon buɗe ido suka riƙe hannu biyu. Ba ƙarya ba ce tsagwaronta, amma babu hujjar da ta kai can. Hujjar da ake iya riƙewa a hannu ta tsaya ne a zamanin daular Song, wato shekara 1,000 ko ƙasa da haka. Shi kuma fasalin da ke cikin bidiyon, na ɗaruruwan mutane masu kaya iri ɗaya suna buga ƙafa lokaci guda, bai kai shekara 100 ba. Bari in bi maka su ɗaya bayan ɗaya, domin kowane zamani ya bar tambarinsa a jikin rawar.

Sai ka san ƙasar kafin ka gane rawar. Arewacin Shaanxi na cikin wani makeken tudu na rawayar ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 640,000. Iska ce ta tara ƙasar a tsawon miliyoyin shekaru, ga ta da laushi kamar gari, ruwa kaɗan sai ya zaizaye ta ya bar kwazazzabai. Wannan ƙasar ce ke rina Rawayen Kogi har ya samu sunansa. Mutanen wurin manoman gero ne da dawa, makiyayan awaki, kuma a al'ada cikin kogunan da suke haƙawa a jikin tudu suke zama, irin ɗakunan da ake kira yaodong. Ruwan sama ba shi da tabbas, fari da yunwa kuwa ba baƙi ba ne a tarihinsu. Ana yin rawar ne a bikin sabuwar shekarar gargajiya, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da sanyi ya kai maƙura, gonaki fayau, ƙasa ta bushe ƙamas. Ƙurar da ka gani daga nan take.

Ita gangar ƙarama ce, ba ta kai tsawon kamu guda ba. Da itace ake yin ta, cikinta ya ɗan kumbura, bakunanta biyu sun ɗan tsuke, an rufe su da fata, an shafe jikin da jan fenti. Ana rataya ta da jan ƙyalle daga kafaɗa ta sauka a ƙugun hagu. Makaɗi na riƙe da 'yan sanduna biyu, kowace da jan alharini a gindinta, shi ya sa in ya wurga hannu sai ka ga kamar wuta na bin sa. Wani abu da mai kallon bidiyo ba ya lura da shi: ƙarar da ke cika kunne ba daga ƙananan gangunan take fitowa ba. A gefen fili akwai babbar ganga, da fayafayan tagulla da ake gwarawa, da algaitarsu mai suna suona. Su ne ke riƙe da kiɗan, su ke ba da umarnin a juya ko a tsaya. Mai gangar ƙugu ɗan rawa ne kafin ya zama makaɗi.

To ina maganar yaƙi ta samo asali? Wannan yanki bakin iyaka ne na tsawon ƙarnuka, inda manoman Sin suka yi kafaɗa da mahayan dawakin arewa. A shekara ta 215 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin farko na daular Qin ya tura janar Meng Tian da dakaru da aka ce sun kai 300,000 don korar ƙabilun Xiongnu, kuma har yau akwai kufan ganuwa da hasumiyoyin tsaro a tuddan arewacin Shaanxi. Bayan shekara fiye da 1,200, a zamanin Song, iyaka ta sake dawowa nan, wannan karon da daular Xia ta Yamma. A 1040 aka tura Fan Zhongyan, malami kuma jami'in gwamnati da Sinawa ke ji da shi har yau, ya riƙe Yanzhou, wato Yan'an ta yanzu, bayan sojojin Song sun sha kashi a kusa da garin. Labarin da mutanen Ansai ke bayarwa shi ne cewa masu gadin iyaka kan rataya ganga kamar yadda suke rataya kwari da baka: in sun hango abokan gaba su buga ta don sanarwa, in an gwabza su buga ta don ƙarfafa gwiwa, in an ci nasara su yi rawa da ita. Da zaman lafiya ya samu, sai sojoji suka zama manoma, ganga ta bi su gida.

Labarin ya yi daidai da ƙasar, kuma tabbas rundunonin Sin na dā sun yi amfani da ganga wajen ba da umarni. Amma daga "sojojin Qin suna da ganguna" zuwa "wannan rawar ta sojojin Qin ce" akwai tazara mai yawa, kuma babu rubutu ko zane da ya cike ta.

Akwai kuma wani tarko da masu rubutu kan faɗa ciki. In ka buɗe tsofaffin littattafan Sin za ka tarar da sunan yaogu tun kafin daular Tang, wadda ta gabaci Song, za ka kuma ga gangar a zanen bangon tsofaffin kogunan ibada na Dunhuang da ke arewa maso yammacin Sin. Sai dai waccan ganga daban ce. Siririn tsakiya gare ta da faffaɗan baki biyu, siffar kalangu sak, kuma ta hanyar fataken yamma ta shigo Sin ta zauna a kiɗan fada. Ƙugun da ke cikin sunanta ƙugun gangar ne. Ta Ansai kuwa mai kumburin ciki ce, ƙugun da ake nufi na mai ɗauke da ita ne. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai ba rawar Ansai shekarun da ba nata ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce wasu tubala biyu da manoma suka tono a wani tsohon kabari kusa da Yan'an a 1981. A jikin kowanne an zana mutum da ganga a ƙugu, ya ɗaga sanda, ya buɗe ƙafa cikin rawa, kuma masana kayan tarihi suka ce na zamanin Song ne, tsakanin 960 da 1279. Wannan ya isa a ce mutanen yankin suna rawa da gangar ƙugu tun wancan lokaci. Ni a nan nake tsayawa, kuma shekara 800 ko 1,000 ba abin rainawa ba ne.

Inda na fi so ka mai da hankali shi ne rayuwar rawar a ƙauye, domin a can ne ma'anarta take, kuma shi ne ɓangaren da bidiyo ba ya nunawa. Gangar ƙugu ba ta fita ita kaɗai. Wani sashe ce na ayarin yangge, wato tawagar rawa da waƙa da kowane ƙauye, ko gungun ƙauyuka, ke haɗawa a sabuwar shekara. Masu shirya ayarin su ne dattawan ƙungiyar da ke kula da ɗakin bautar ƙauyen. Ranar farko ba gidan kowa ake zuwa ba, ɗakin bauta ake nufa, a ƙona turare, a yi kiɗa a gaban abin da suke bauta wa, a roƙi ruwan sama da amfanin gona da lafiyar mutane da dabbobi. A ƙasar da fari ke kashe mutane, ba abin mamaki ba ne cewa Longwang, wanda suka yi imani shi ke riƙe da ruwan sama, yana cikin waɗanda aka fi kai wa wannan gaisuwa.

Daga nan sai abin da suke kira yan menzi, bin ƙofa-ƙofa. Ayari zai bi gida-gida, ya hau tudu ya gangara kwari, ba a tsallake kowa. Mai gida ya share tsakar gidansa, ya kunna abin fashewa na biki don tarbar su, ya ajiye tebur da taba da giya da busasshen 'ya'yan itace, wani lokaci da 'yan kuɗi waɗanda akan zuba a asusun ƙungiya. Makaɗa su cika tsakar gidan da rawa na ɗan lokaci. A imaninsu ƙarar ganga da dukan ƙafa na korar cuta da mugun abu daga gida, saboda haka a tsallake gidan mutum babban cin fuska ne.

A gaban ayarin akwai mutum ɗaya wanda ba ya riƙe ganga. Laima ce a hannunsa, ana kiransa santou, shugaban laima. Shi ke jan layi, shi ke nuna siffar da ayari zai yi a fili, kuma in kiɗa ya tsaya shi ke rera baiti. Baitin nan take yake ƙirƙirar shi, gajere, yawanci layi huɗu, kuma dole ya dace da gidan da aka shiga. Gidan da aka yi sabon aure da irin nasa, gidan da ke da tsoho mai jinya da irin nasa, gidan da aka haƙa sabon kogo ko ɗa ya ci jarrabawa da irin nasa. Ke nan sai wanda ya san kowa da halin da kowa ke ciki zai iya riƙe laimar. Idan ayarin wani ƙauye ya kai ziyara wani ƙauyen, akan kafa ƙofar ado a bakin gari, shugabannin laima biyu su tsaya suna jefa wa juna tambaya da amsa cikin waƙa, a kan tarihi ko tatsuniya, kafin a buɗe wa baƙi hanya. Wanda ya kasa amsawa ya jawo wa garinsu abin dariya na shekara guda.

Ana rufe bikin a daren 15 ga watan farko na shekarar gargajiya, daren bikin fitilu, da abin da ake kira zagayen lanƙwasa tara. Ana kafa karan dawa a fili a yi wata hanya mai murɗe-murɗe, a ɗora fitilu 361, ayari ya shiga gaba da kiɗa, duk mutanen gari su bi baya har su fita ta ɗaya ƙofar.

A cikin rawar kanta akwai rabe-rabe. Akwai kiɗan hanya, wanda ake yi ana tafiya, da kiɗan fili, inda ake tsayawa a baje gwaninta. Akwai salon wen mai taushi da yanga, akwai salon wu mai tsalle da harbi da juyi a iska. Na biyun ne duniya ta sani, shi ne kuma ya sa maganar rawar yaƙi ke saurin shiga kunne. Tsofaffin makaɗa ba tsayin tsalle kaɗai suke dubawa ba. Suna duban yadda mutum ke kaɗa kai da kafaɗa, da irin taƙamar da ke fita daga jikinsa, abin da ya sa mutum biyu ba sa yin rawa iri ɗaya ko da a layi ɗaya suke. A dā kuma maza zalla ne. Har rawar mata da ke cikin ayarin, samari ne ke sa kayan mata su yi.

Kafin in wuce, in ka haɗu da mutumin Hengshan, wata gunduma da ke arewa da Ansai a ƙarƙashin Yulin, kada ka ce masa Ansai ce uwar gangar ƙugu. Su suna da tasu da suke kira tsohuwar gangar ƙugu, suna kuma cewa daga wurinsu ta gangara kudu. Maganarsu ba ta rasa tushe ba. Yaƙe-yaƙen shekarun 1860 da yunwar 1877 sun kwashe mutanen yankin Yan'an ƙwarai, kuma iyalai da yawa daga ƙasar Yulin sun yi ƙaura kudu neman gona, musamman a yunwar 1928 zuwa 1930. Mutane ba sa ƙaura su bar kiɗansu a baya.

Babban juyi na farko ya zo da siyasa. A ƙarshen 1935 rundunar 'yan kwaminis ta iso arewacin Shaanxi bayan Doguwar Tafiya, wato ja da bayan da ta yi a ƙafa daga kudancin ƙasar, kuma daga 1937 zuwa 1947 Yan'an ce hedikwatarsu. Matasa 'yan boko daga manyan birane suka yi ta kwararowa, aka kafa makarantar fasaha ta Lu Xun a 1938. Da farko wasannin birni da na Turai suke yi, manoma na kallonsu ba sa gane komai. A watan Mayun 1942 Mao Zedong ya yi jawabansa kan adabi da fasaha, inda ya ce fasaha ta yi wa ma'aikata da manoma da sojoji aiki, ta kuma yi magana da harshen da suke ji. A bikin sabuwar shekara na 1943 sai ga ɗaliban makarantar a titunan Yan'an da ayarin yangge, sun koyo daga manoma sun sake masa fasali.

Dubi abin da aka cire da abin da aka sa. Gaisuwar ɗakin bauta ta fita. Wasannin zolaya tsakanin namiji da mace, waɗanda a ƙauye kan kai har ga batsa, an tsabtace su. Wasan da ya fi fice a shekarar ma, wa da ƙanwa aka sa suna sharar sabuwar gona, a gurbin saurayi da budurwa. Laimar shugaba ta ba da wuri ga lauje da gatari. Mata suka shiga layi da kansu. An daidaita takun ƙafa yadda soja ko ɗalibi zai koya cikin 'yan kwanaki. Wannan sauƙaƙƙen salo ne ya bi rundunar zuwa sauran ƙasar, har ya zama a 1949 da wuya a karɓi wani babban birni ba tare da ayarin gangar ƙugu a titi ba, ana kiranta gangar nasara. Shi ya sa yau za ka ga tsofaffin mata a filayen Shanghai ko Guangzhou suna buga gangar ƙugu da yamma don motsa jiki. Jikar waccan ce. A shekarun juyin al'adu, 1966 zuwa 1976, lokacin da Mao ya sa aka yaƙi tsofaffin al'adu, an rushe ko an rufe ɗakunan bauta da yawa, ɓangaren ibada ya kwanta, sai a shekarun 1980 ya sake ɗagowa a ƙauyuka.

Juyi na biyu kuwa kyamara ce ta kawo shi. A 1984 Chen Kaige ya yi fim ɗin Huang Tudi, wato Rawayar Ƙasa, Zhang Yimou na riƙe da kyamara. A ciki akwai wani wuri na 'yan mintuna inda manoman Ansai kimanin 150 ke buga ganga cikin ƙura, kyamara na kutsawa tsakaninsu. Fim ɗin ya zaga duniya, kuma kusan duk bidiyon da ake ɗauka yau, har da wanda ka gani, wancan hoton yake kwaikwayo. Bayan shekara biyu marubuci Liu Chengzhang ya wallafa wani gajeren rubutu a kan rawar, aka sa shi a littattafan makaranta, yara miliyoyi suka karanta shi. A 1990 makaɗan Ansai suka fito a bikin buɗe gasar wasannin Asiya a Beijing. A 2009, a bikin cika shekara 60 da kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, kimanin 1,000 daga cikinsu suka yi wasa a dandalin Tiananmen. Tsakanin waɗannan, a 2006, gwamnati ta sa rawar a jerin farko na al'adun gado na ƙasa, jeri mai abubuwa 518. Ka lura, jerin ƙasar Sin ne wannan. Rawar ba ta cikin jerin UNESCO da sunanta, ko da yake bikin sabuwar shekarar da take rayuwa a cikinsa ya shiga a Disamban 2024.

Wani abin dariya: ƙurar ma yanzu sai an neme ta. Daga 1999 gwamnati ta fara biyan manoma su daina noma gangaren tuddai su dasa itatuwa da ciyawa, aka kuma hana sakin awaki, kuma yankin Yan'an na cikin wuraren da aka fara. Tuddan da suke tsirara a fim ɗin 1984 yau kore ne da damina. Masu ɗaukar hoto kuwa ƙura suke so, don haka akwai wuraren da aka ware aka bar ƙasarsu a sake, inda ake kai tawaga ta yi wasa a gaban baƙi.

Sai rabin tambayarka na biyu. E, har yanzu ana yi, kuma ta wata fuskar ba a taɓa yin ta da yawa kamar yanzu ba. Ana koyar da ita a makarantun Ansai, 'yan mata na bugawa kafaɗa da kafaɗa da maza, ƙwararrun makaɗa na samun abinci da ita, ana ɗaukar su haya zuwa bukukuwa ko su koyar a makarantu da kamfanoni da barikoki a wasu larduna. Ga manomin da kakansa ya yi gudun yunwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na cikin masu cewa kuɗi ya ɓata al'ada.

Damuwata a wani wuri take. Abin da ake iya koyarwa a fili da ƙidaya, wato tsalle da harbi da juyi, ya samu magada dubbai. Abin da ba a iya koyarwa haka shi ke ƙanƙancewa. Matasa sun tafi birane aiki, ƙauyuka da yawa sun koma na tsofaffi, wasu ba sa iya tara mutanen da za su cika ayari sai in 'yan ci-rani sun dawo hutun shekara. Shugaban laima kuwa ba a yin sa a wata uku. Sai mutum ya shekara da shekaru yana bin wani, ya haddace tarihi da tatsuniyoyi, ya san gidajen garinsu ciki da waje. A dandalin wasa ba a bukatarsa sosai, domin babu mai gidan da za a yi wa baiti. Haka nan daidaita mutum 500 su zama kamar mutum ɗaya yana kashe bambancin salon da tsofaffi ke alfahari da shi, salon wen mai taushi kuma ba ya samun wuri saboda ba ya tayar da ƙura.

In kana son ka bambance da idonka, nemi bidiyon da aka ɗauka a cikin kwana 15 na farkon shekarar gargajiya, a tsakar gida, ba a kan tudu ba. Za ka ga mutanen ba su da yawa, wataƙila 20 ko 30, wani da rigar sanyi ta kanti a ƙarƙashin jar ɗamararsa, tebur a gefe da kwalin taba a kai, yara na kutsawa cikin layi. Ka jira har kiɗa ya tsaya, ka ga ko wani zai matso gaba da laima ya rera wa mai gida baiti. In akwai shi, ayarin ƙauye kake kallo. In babu, tawagar wasa ce, ko da kuwa makaɗan 'yan asalin Ansai ne.